Tafki Ya Yi Kore: A Zuba Magani, A Yashe, Ko A Tare Takin Tun Daga Tudu?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan tafkuna da ƙananan madatsu yakan ja baya, ya yi ɗumi, ya tsaya cik. A irin wannan lokaci ne ake wayar gari a tarar gansakuka ta rufe bakin ruwa, wari na tashi, karfasa na ɗago baki sama tun da asuba. Sai a kira taro: Sarkin Ruwa da masuntansa, manoman fadama, makiyaya, da wakilin hakimi. Kuɗin da ke hannu ba su taka kara sun karya ba, ko na karo-karo ne ko wani ɗan tallafi, kuma shawara uku ce ke yawan fitowa. Wasu su ce a sayo magani a zuba. Wasu su ce a yashe tafkin. Wasu kuma, waɗanda galibi ba a cika sauraronsu ba, su ce a duba abin da ke gangarowa cikin ruwan daga tudu. Kowace daga cikin ukun tana da inda take aiki da inda take cin kuɗi a banza, kuma ɗaya daga ciki tana iya jawo asarar da ta fi wadda ake gudu.

Kafin a kashe ko sisi, a fara tantance wace irin gansakuka ce, domin ba duka ne abin tsoro ba. A samu sanda a tsoma a ɗago. Idan ta fito da zare-zare masu santsi suna reto, wannan gansakuka ce ta yau da kullum. Tana toshe bakin injin ban ruwa, tana nannaɗe koma, amma ba ta da guba. Idan kuwa sandar ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, babu abin da ya maƙale sai launi, to a yi hattara. Gwaji na biyu shi ne a ɗebi ruwan a kwalba mai haske, a bar ɗan fili a sama, a ajiye a wuri mai sanyi ya kwana ba a girgiza ba. Da safe, idan koren ya kwanta a gindi, da sauƙi. Idan ya taso ya yi zobe a wuyan kwalbar, akwai yiwuwar ƙwayoyin nan ne da masana ke kira sayanobakteriya. Suna da 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke sa su taso sama idan ruwa ya natsu, shi ya sa iska ke kora su ta tara a gefe guda na tafki, sau da yawa daidai inda dabbobi ke sha.

Wasu daga cikinsu suna fitar da guba mai lalata hanta, wadda aka fi sani da maikirosistin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace lita ga ruwan da ake sha kullum. A 1996, a garin Caruaru na Burazil, sama da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu bayan an yi musu aiki da ruwan da ke ɗauke da ita. A watan Agustan 2014, sama da mutum 400,000 a birnin Toledo na Amurka suka kwana uku ba su sha ruwan famfo ba saboda gansakukar tafkin Erie. A 2020 gwamnatin Botswana ta danganta mutuwar giwaye sama da 300 da irin wannan guba a ramukan da suke sha. Abin da ya kamata kowace uwa ta sani shi ne tafasa ruwa ba ta kashe wannan guba. Ruwan ne ke ƙonewa, ita tana nan.

Abin da ke ciyar da ita

Gansakuka tsiro ce, kuma taki take ci, musamman sinadarin fosfaras. An tabbatar da haka a fili a 1973 a ƙasar Kanada, inda masanin nan David Schindler ya raba wani tafki gida biyu da labulen roba. Ɓangarorin biyu ya zuba musu naitirojin da kabon, ɗaya kaɗai ya ƙara wa fosfaras. Wannan ɓangaren ne ya rikiɗe ya koma kore shar, ɗayan yana nan yadda yake.

Mu kawo lissafin gida. A ce tafki ne mai faɗin hekta 5, zurfinsa a matsakaici mita ɗaya da rabi. Ruwan cikinsa kubik mita 75,000 ke nan. Buhu ɗaya na takin NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da tsantsar fosfaras kimanin kilo 3.3. Da wannan zai narke duka a tafkin, zai ƙara wa kowace lita maikirogiram 44, alhali masana suna ɗaukar ruwan da ya haura 35 a matsayin wanda taki ya yi wa yawa. Buhu ɗaya tak. Yanzu a tuna yawan buhunan da ake watsawa a gonakin albasa da shinkafa da ke kewaye da ruwa irin na Kware ko Lugu a Wurno, a haɗa da kashin garken shanun da ke tsayawa cikin ruwa har gwiwa da tsakar rana, da bahayar da ruwan farko na damina ke wankowa, da ruwan wanki. Ba duka ne ke isa tafki ba, amma ɗan abin da ya isa ya wadatar.

Da wannan awo za a gwada kowace shawara: shin tana rage takin da ke cikin ruwa, ko koren kawai take kawarwa daga ido?

Zuba magani

Maganin da aka fi sayarwa shi ne kofa salfet, garin nan mai launin shuɗi. Abin da ke jan mutane gare shi a bayyane yake: yana da sauri, cikin 'yan kwanaki ruwa ya washe, kuma ba ya buƙatar a roƙi kowa ya sauya yadda yake noma ko kiwo. A tafkinmu na misali, idan aka zuba miligiram 1 a kowace lita, kilo 75 ake buƙata. Kwamiti zai iya haɗa kuɗin.

Sai dai abin da ke biyo baya ne mai saye ba ya ji a bakin mai sayarwa. Gubar da muke tsoro mafi yawanta a ƙunshe take cikin ƙwayoyin. Maganin yana fasa su ne, gubar ta watsu cikin ruwa. Wato ranar da ruwan ya fi kyaun gani, ranar da makiyayi zai ce alhamdulillahi ya kora garkensa ciki, tana iya zama ranar da ya fi haɗari. Dole a tsare mutane da dabbobi daga ruwan na tsawon kwanaki bayan an zuba, wani lokaci makonni. Wa zai tsare tafki a watan Afrilu, lokacin da babu wani ruwan a kusa?

Na biyu, matacciyar gansakuka tana nutsewa ta ruɓe, ruɓewar kuma tana shanye iskar oksijin ɗin da kifi ke shaƙa, ga shi ruwan ɗumi dama ba ya riƙe iska da yawa. Tarwaɗa da gaiwa za su jure domin suna iya shaƙar iska daga sama. Karfasa da giwan ruwa su ne za a tarar sun juya ciki. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada a zuba wa dukan tafki lokaci guda, sai kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, a jira kamar mako biyu kafin a ci gaba. Ga kuma batun irin ruwan: idan ba shi da isasshen sinadarin alli, wato awon alkalinsa ya gaza miligiram 50 a lita, maganin da kansa yana kashe kifi kai tsaye. Wannan awo ba da ido ake yinsa ba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A cikin dabbobin gida, tumaki ne suka fi kasa jure tagulla, wadda ita ce ƙashin bayan wannan magani. Tana taruwa a hantarsu a hankali har ta kashe. A ƙasar da uda da balami suke dukiyar gida, kuma tafki ɗaya suke sha da kowa, wannan kaɗai ya isa a yi dogon tunani. Tagullar ba ta ruɓewa, a laka take taruwa shekara bayan shekara.

Bayan duk wannan, fosfaras ɗin bai je ko'ina ba. Gansakukar da ta mutu ta mayar da shi cikin ruwa, cikin mako biyu zuwa uku sabuwa ta taso, a sake sayo magani.

Akwai wanda ya fi shi sauƙin illa, haidirojin feroksaid, wanda ke rikiɗewa ya koma ruwa da oksijin cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan an auna daidai ya fi taɓa masu gubar fiye da sauran halittun ruwa. An yi amfani da shi a tafkunan ƙasar Holan. Amma shi ma yana fasa ƙwayoyin, shi ma ba ya rage taki, kuma mai ƙarfin da ake kawowa a jarka yana ƙona fata da ido. Aikin ƙwararru ne. A ganina magani na kududdufin kiwon kifi ne mai iyaka, wanda mai shi zai iya killacewa, kuma a zuba tun gansakukar na tsirowa, kafin ta yi kauri. Ga babban ruwa kuwa lissafin ma ba ya tashi. Madatsar Goronyo idan ta cika tana ɗaukar kubik mita miliyan 942. A wancan awo na kofa salfet, miligiram 1 a lita, tan 942 na magani ke nan a zubi ɗaya, cikin ruwan da ake sako wa birnin Sakkwato ya sha.

Yashe laka, da 'yan uwansa

Wannan shawara ta fi ta farko tushe, domin takin shekaru da yawa yana kwance a lakar gindin tafki, kuma idan ruwa ya yi zafi, iska ta ƙare a ƙasa, lakar tana sake shi. A ƙasashen da tafki ba ya ja da baya, yashewa sai da jirgin tsotsar laka, kuma tana cikin hanyoyin da suka fi tsada. Mu kuwa Allah ya ba mu abin da ba su da shi: rani. Kowace shekara ruwa yana janyewa ya bar fili mai faɗi na baƙar laka da ta tsattsage. Ana iya kwasarta da shebur da amalanke da tifa ba tare da an dama ruwan ba. Saman lakar, kamar taƙi ɗaya ko biyu, shi ya fi taki, kuma shi ne gonar jigawa mai yashi take nema. Abin da ke cutar da tafki shi ke gyara gero. Idan manoma suka ga amfaninta, su da kansu za su riƙa kwasa, kwamiti tsari kawai zai yi.

Sharuɗɗan biyu ne. Kada a jibge lakar a bakin ruwa, domin ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Kuma kada a zurfafa haƙa har a huda yumɓun da ke riƙe ruwan, in ba haka ba a gyara tafki ya koma tsiyaya. Idan kuma an taɓa zuba kofa salfet shekara da shekaru, ko ruwan unguwa da na masu sana'a na kwarara ciki, a gwada lakar kafin a kai ta gona.

Alam, wanda ake tace ruwa da shi, yana kama fosfaras ya danne shi a gindi. A tafkuna masu zurfi aikinsa yakan kai shekara goma sha, amma a marasa zurfi da iska ke damawa, irin yawancin namu, 'yan shekaru ne, kuma damina ɗaya mai ɗauke da sabon taki da laka tana iya binne aikin. Injin hura iska yana ceton kifi a kududdufin kiwo, sai dai a lura: iskar ruwa tana yin ƙasa ne da dare, ta fi ƙaranci gab da asuba, lokacin da farantin sola ba ya ba da wuta. Injin sola marar batir yana aiki ne a lokacin da ba a cika buƙatarsa ba. Sakin ruwa daga madatsa don ya wanke wanda ya tsaya yana aiki ƙwarai, domin waɗannan ƙwayoyi ba sa son ruwa mai gudu. Amma a bazara ake buƙatarsa, lokacin da ruwan ya fi tsada. A 2018 ruwan Goronyo ya ragu har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. A irin wannan shekara babu wanda zai saki ruwa don gansakuka.

Masu cewa a zuba karfasa ta cinye ta suna da ɗan gaskiya, tana ci. Amma abin da ta ci tana kasayar da mafi yawansa cikin ruwan, takin ya koma. Ribar tana zuwa ne idan ana kama kifin ana fitarwa. Kuma kifin da aka kama lokacin da ruwa ya yi kore, a cire hanji da hanta a zubar inda kare ko kaji ba za su ci ba, a wanke tsokar da ruwa mai tsabta, domin a kayan ciki gubar ta fi taruwa.

Tare takin daga tudu

Wannan ce hanyar da ba ta da ranar buɗewa, ba ta da abin da za a nuna wa baƙi, kuma ita ce kaɗai ke taɓa asalin ciwon. A birnin Seattle na Amurka, tsakanin 1963 da 1968, an karkatar da ruwan bahayar da ke shiga tafkin Washington, cikin 'yan shekaru ruwan ya washe ba tare da an zuba masa komai ba.

A wurinmu aikin ya kasu ne tsakanin mutanen da suka zo taron. Manomin da gonarsa ke bakin ruwa ya bar ɗan zirin ƙasa, ko da mita 10 ne, ba a nomawa, a bar jema da gamba da burugu su kama. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, ganyensu yana rage gudun ruwa har lakar da ke ɗauke da fosfaras ta kwanta kafin ta isa tafki. Zirin ba asara ba ne gaba ɗaya: gamba ta zana ce, jema ta saƙa da jinka, burugu kuwa abincin shanu ne, kuma yankan da ake yi ana kwashewa shi ke fitar da takin. Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya kawo shawarar dasa kachala. Gaskiya ne tana shan taki, amma mutanen dausayin Haɗeja da Nguru sun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki. Kainuwa da ta riga ta fito, a riƙa kwasarta ana fitarwa tudu ta bushe a yi takin gargajiya da ita. Idan aka bar ta ta ruɓe a ciki, ba a yi komai ba.

Sai yadda ake sa takin zamani. Watsa shi a saman ƙasa sannan a sako ruwa ya malale yana nufin wani kaso ya bi rara ya tafi. Binne shi kusa da shuka, a raba shi kashi biyu ko uku, kuma a toshe bakin fangali kada ruwan ya fita nan take, yana rage abin da ke tsiyayewa. Da tsadar buhu a yau, wannan magana ce da manomi zai karɓa don aljihunsa ko da bai damu da kifi ba.

Makiyayi kuma ba za a ce masa kada ya shayar ba, hakkinsa ne, kuma duk tsarin da ya fara da korarsa rigima zai haifar. Abin da ake yi shi ne a gina kwamin shayarwa a tudu, nesa kaɗan da bakin ruwa, a riƙa cika shi. Shanu su sha ba su tsaya cikin tafki ba, kashinsu ya zauna a tudu inda mai gona zai kwasa. Nan ne nake ganin kuɗin farko ya kamata su tafi, tare da rijiya. Rijiyar da aka haƙa da 'yar tazara daga bakin tafki tana samun ruwan da ya ratso ta cikin yashi da ƙasa. Ƙasar tana tace ƙwayoyin, ƙananan halittun cikinta kuma suna narkar da kaso mai yawa na gubar. Alam ko garin 'ya'yan zogale da ake sa wa ruwan tulu suna kwantar da ƙwayoyin, amma ba sa cire gubar da ta riga ta narke. Rijiya da kwami ba sa hana tafki yin kore a bana, amma suna raba bakin mutum da na dabba da ruwan tun bana, wanda shi ne abin da ake nema da magani ba a samu ba. Masai kuma, ban da rage taki, yana karya zagayen tsargiya, cutar fitsarin jinin da ta addabi yaran da ke wanka a irin waɗannan ruwaye.

Raunin wannan hanya biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Tana da jinkiri: a tafkuna marasa zurfi da aka bi diddigi a Turai, sau da yawa sai an shekara 10 zuwa 15 bayan rage taki kafin lakar ta gama sakin wanda ta tara. Kuma tana buƙatar yardar mutane da yawa, ciki har da wanda zai bar zirin gonarsa mafi danshi. Mai kadada ɗaya a bakin ruwa ba zai yi haka don wa'azi ba, sai an ba shi wani abu, ko ikon yankan ciyawar zirin shi kaɗai, ko rabon farko na lakar da aka kwaso. Wannan aikin hakimi da Sarkin Ruwa da arɗo ne, kuma ya fi sayen magani wuya nesa ba kusa ba. Jinkirin kuwa kwasar lakar rani ce ke gajarta shi, shi ya sa hanyoyin biyu suke tafiya tare. Yashewa ba tare da an tare tudu ba, 'yan damina kaɗan za su mayar da abin da aka kwashe.

Girman ruwan shi ke nuna wanda zai ɗauki nauyi. Tafkin gari ko ƙaramar madatsa, mutanen wurin za su iya da kansu. Goronyo da Bakolori kuwa takinsu daga nesa yake zuwa, ta rafukan da suka ratso Katsina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar, don haka maganarsu ta Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce da hukumar ruwan sha ta jiha. Abin da ya fi muhimmanci a can shi ne matatar ruwa ta tace ƙwayoyin ta fitar da su da ransu kafin a sa kulorin mai yawa, kada a fasa su tun suna cikin ruwan.

Duk hanyar da aka zaɓa, a samu mutum ɗaya mai lura. Kayan aikinsa murfin kwano ne fari da aka huda aka ɗaura wa igiya mai ƙulli a kowane santimita 10. Sau ɗaya a mako, a wuri ɗaya, ya saki murfin cikin ruwa ya rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Idan ruwan kore ne ba jan laka ba, kuma murfin yana ɓacewa kafin santimita 30, a yi shela a masallaci da kasuwa: a daina ɗiba don sha, a hana yara wanka, a karkatar da dabbobi zuwa kwami. A ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta daga gefen da iska ta tara koren, a sa a cikin ƙanƙara, a kai sashen nazarin kifi ko na halittu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba irin ƙwayoyin da awon alkalin ruwan, kafin kowa ya buɗe buhun magani.